Gaurakan Mai Rediyo

Duk layin babu wanda bai gaji da labarin gaurakan Mai Rediyo ba. Ka kai masa rediyonka gyara, kafin ya kwance murfin ya gaya maka yadda ya tsinci tsuntsun a bakin fadama da karyayyen fiffike, yadda ya yi jinyarsa, yadda tukkunsa ke ƙyalli da hantsi. Fiffiken bai koma daidai ba, sai gauraka ya zauna a tsakar gida yana taƙama tsakanin igiyar shanya da randa, sai ka ce shi ya gina gidan.

Da aka sanar za a sa tsuntsu a sabon tambarin ƙasa, jama'a su bugo waya gidan rediyo su zaɓa, kuma gauraka na cikin 'yan takara tare da shaho da shamuwa, Mai Rediyo har rawa ya taka a shago. Murnar ba ta kai yamma ba. 'Yarsa, wadda ke aikin ofis, ta dawo ta same shi yana goge wa tsuntsun ƙafa.

"Baba, ka ji sauran sanarwar kuwa? Duk wanda ya ci, an hana ajiye shi a gida. Zuwa za a yi a tafi da shi gidan namun daji."

"A tafi da wa?"

"Da ɗan autanka mana."

Tsuntsun da ba ya cin tsaba sai an tsince masa tsakuwa, wa zai kula da shi can?

Washegari tela, maƙwabcinsa, ya leƙo shagon ya ce, "Mutumina, ai mun bugo mun zaɓi naka."

"Wane nawa? Wannan mai wuya kamar igiya? Ku ji tsoron Allah ku zaɓi shaho."

Tela ya koma shagonsa da almakashi a hannu yana mamaki.

Daga nan Mai Rediyo ya zama babban maƙiyin gauraka a faɗin ƙasa. Kullum sai ya bugo waya, yau ya shaƙe murya, gobe ya toshe hanci, ya ce shi wani bawan Allah ne daga nesa. Ya ce gauraka rago ne, matsoraci, ga kuka kamar tsohuwar ƙofa. Duk layin sun gane muryar, don a rediyoyin da ya gyara musu suke jin ta. Matarsa kuwa tana tankaɗe tana dariya.

"Malam, bawan Allahn nan daga nesa, tarinsa irin naka ne."

"Ke dai yi aikinki."

Ranar sakamako shagon ya cika. Mai gabatarwa ya ja rai iya son ransa, sannan ya ce shamuwa ce ta ci. Ya ƙara da cewa da farko gauraka ne a gaba, sai wani dattijo da ya san tsuntsun ciki da waje ya buɗe wa jama'a ido.

Aka fashe da dariya, ana miƙo masa hannu. Mai Rediyo ya yi ajiyar zuciya, ya gode wa Allah. Can kuma sai fuskarsa ta canza.

"Shamuwa? Wadda rabin shekara ma ba ta ƙasar? Ita za a ɗora a tambari?"

"To ai kai ka ce..." in ji tela.

"Na ce, sai kuma ku yarda? Mutum ya faɗi magana babu mai musa masa?"

Ya rufe shago tun rana ba ta yi sanyi ba. A ƙofar gida ya tarar da yara suna leƙe ta katanga suna kwaikwayon kukan tsohuwar ƙofa. Ya kore su, amma bai iya zaginsu ba, don a bakinsa suka koya.

Gauraka na tsaye a gindin randa da ƙafa ɗaya, ko a jikinsa. Mai Rediyo ya ɗebo tsaba ya tsuguna, kunya ta hana shi ɗaga ido. Ya daɗe yana tsince tsakuwa, har wadda babu.

"Sharri na yi maka," ya ce a hankali. "Kai ka ci. Ni ne ba zan iya ba su kai ba."

Tsuntsun ya sunkuyo ya ci a tafin hannunsa.