Haruffan Baba

"Karanta da kanki, Mama," in ji babban ɗanta, ya juyo mata da fuskar tsohuwar kwamfutar. "Idan mai hankali ne ya rubuta wannan, to ni ne mahaukacin."

Ta duba. Haruffa ne jingim sun hau kan juna: ga "r" layi guda cur, ga "a" kusan ashirin a jere, wata kalmar ta faro a ƙasa ta je ta ƙare a cikin wata a sama. Ba kai, ba gindi.

Mai rubutun kuwa yana nan kan kujerarsa a gefen taga, tsakaninsa da su bai kai taku biyu ba. Wata bakwai ke nan da hawan jini ya kayar da shi a banɗaki, ya tashi da shanyewar ɓarin dama, magana kuma ta ɗauke. Mutumin da ya yi shekara talatin yana buga takardu a ofis ba ya ko kallon yatsunsa, yau hannun hagu kaɗai ya rage masa, shi ma rawa yake, biro ba ya zama a cikinsa. Ita ce ta zaƙulo kwamfutarsa daga ƙarƙashin gado ta ɗora masa a cinya, ko Allah zai sa a dace. Sai ya yi ta dannawa, ya dubi abin da ya fito, ya doke ta da tafin hannu, ya fashe da kuka. Jiya har kofi ya maka wa bango.

"Akwai wani gida a bayan gari da ake ajiye irinsu," in ji babban. "Ran Asabar zan zo da mota."

"Don ke muke yi, Mama," in ji autan. "Dubi yadda kika rame."

Haka suka tsaya a kan ubansu suna yanke shawara, sai ka ce tsohon firji ake neman inda za a kai.

"Kwamfutar ce ta tsufa," ta ce. Babban ya yi ɗan murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya ɗauki makullinsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita kanta ba ta tabbata da abin da ta faɗa ba.

* * *

Shagon gyaran a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, mutum biyu sun cika shi. Mai gyaran mace ce, mai tabarau ɗaure da zare, ga ƙananan kusoshi a murfin kwalba a gabanta. Ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ta yi dariya.

"Mama, wannan ai ta girmi aurena. Me ke damunta?"

"Harafi ɗaya za a danna, goma su fito. Kibiyar nan ta kan allo kuma ba ta zama wuri ɗaya."

Mai gyara ta buɗe farin shafi ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun liƙe. Ta ɓanɓare su da tsinke, ta goge busasshen shayi da auduga, ta hure ɓurɓushin biskit har da rabin ƙwayar magani. Sannan ta shafa ɗan filin nan da ake jan kibiya da yatsa, ta karkata kai.

"Kin ga ya tasa? Batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura yake turo shi. Allah ya taƙaita, irin wannan har wuta yake kamawa." Ta kwance bayan kwamfutar, ta zare batirin ta ajiye can nesa. "Daga yau sai da caja a jiki za ta yi aiki."

Ta jona ta, ta buga layi biyu. Suka fito tsaf. Mama ta nemi a ba ta ta gwada, ita ma nata ya fito daidai.

"To, ta warke ke nan?"

"Gaskiya da ma ciwonta bai kai yadda kike faɗa ba. Maɓalli biyu ba sa haifar da harafi ashirin."

Idan ba kwamfutar ba ce, ashe yaran ne ke da gaskiya. Mama ta fara laluben bakin jakarta don ta tashi kafin hawaye ya kunyata ta.

"Tsaya tukuna. Wa ke amfani da ita?"

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma ta faɗa, har da zancen Asabar. Mai gyara ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah ya sawwaƙe ba. Shafukan da Baba ya cika ta buɗe, ta gyara zaman tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Hannun nasa rawa yake? In ya danna, yana iya ɗagewa da wuri?"

"Ina fa. Sai ya yi da gaske."

"To shi ne. In yatsa ya daɗe a kan maɓalli, harafin ya yi ta zuba ke nan. Tafin hannunsa kuma yana kwance a kan filin kibiyar, shi ke ɗauke rubutun ya jefa shi wani layin." Ta jawo takarda da biro. Tana kallon allon tana tsame harafi ɗai-ɗai, tana zubar da sauran, tana ɗauko guntun kalma daga sama ta haɗa da ɗan'uwansa na ƙasa. Can ta turo takardar.

Ruwa. Bayana ciwo. A juya ni. A juya ni.

Mama ta karanta sau biyu. Wata nawa bawan Allahn nan yana roƙon a juya shi, ita kuma tana goge masa hawaye tana ce masa ya yi haƙuri? Kukan da ta riƙe tun a asibiti ya ƙwace mata a nan ƙarƙashin matakala, mutane na hawa da sauka a kanta.

Mai gyara ta ƙyale ta ta yi abinta. Ta shiga cikin saitin kwamfutar ta hana haruffa maimaituwa, ta sa kada ta kula da ɗan taɓin da rawar hannu ke yi, ta kashe filin kibiyar gaba ɗaya, ta ƙara girman rubutu.

"Yanzu ko kwana ya yi a kan maɓalli, harafi ɗaya zai samu. Mama, mijinki da hankalinsa ras. Wanda ya san inda kowane harafi yake bai manta komai ba."

Mama ta kama hannunta biyu. Addu'a ta yi ta kwarara mata, ita da iyayenta da 'ya'yanta har da waɗanda ba a haifa ba, sai da mai gyara ta ce, "Ya isa, Mama, ki rage wa masu zuwa gobe." A ranta ta san har ta mutu ba za ta manta da matar nan ba, ga shi ko sunanta ba ta tambaya ba.

* * *

Tana isa gida ta juya shi, ta shafa masa mai a baya, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Amma kwamfutar ya ƙi ko kallonta. Ta yi lallashi, ta yi bayani, ya kau da kai bango. Kwamfutar ta sha ba shi kunya, ya gaji.

Ran Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Autan ya shiga zuba kayan Baba a jaka. Mama ta miƙa wa babban takardar mai gyara, ya duba sama-sama.

"Kowa ai zai iya tsintar kalma a cikin shirme, Mama. Kama masa ƙafa," ya ce da ƙaninsa.

Sun sunkuya ke nan Baba ya miƙa hannun hagu ya damƙi gefen teburin da kwamfutar take. Mama ta yi maza ta ɗora masa ita a cinya, ta gyara wayar caja. Yatsan ya yi ta yawo a sama yana rawa, sannan ya sauka da nauyi ya zauna. Harafi ɗaya ya fito. Baba ya ƙura masa ido kamar bai yarda ba. Ya sake dannawa.

Ya ɗauki kusan minti biyar. Babu wanda ya motsa.

ina jin ku duka

Jakar ta suɓuce daga hannun autan. Sai ga babban durƙushe a gaban kujerar, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba... ka yafe mana. Me kake so? Faɗi ko mene ne."

Mama ta yi zaton zai ce a mai da mota, ko a kira likita. Ta riƙe numfashi tana bin yatsan da ido, tana hamdala a kan kowane harafi.

ku rika gaishe ni

Mama ta so ta harari yaran, sai abin ya dawo kanta. Tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki, tana cewa buɗe, haɗiye, ɗaga. Ta lalubo ranar ƙarshe da ta gaishe shi, ba ta same ta ba.

Rana ta kusa take tsaka, amma ta gyara ɗankwalinta ta rusuna a gefen kujerar.

"Malam, ina kwana?"

Su uku suka zuba ido, yatsan yana rawa a sama, yana neman "l".