Mayyar Fim a Ɗakin Masu Jego

Mai Ɗinki na miƙa hannu za ta ɗauki jaririn, matar ɗanta ta janye shi ta rungume a ƙirji.

"Barci yake yi, Mama."

Idon yaron biyu, tar a buɗe. Mai Ɗinki ta dubi ɗanta, ƙaton direban da ta goya har bayanta ya sage, sai ya hau gyara murfin fulas ɗin da babu abin da ya same shi. Matan sauran gadajen kuwa kowace ta ja zane ta lulluɓe nata.

Laifinta ɗaya ne. Wata uku da suka wuce ta fito a wani fim a matsayin mayya mai lashe kurwar jarirai. Kwana huɗu kacal aka yi ana shafa mata toka a fuska. Fim ya yi kasuwa, shagonta ya mutu murus, har masu kawo facin wando suka ɗauke ƙafa. Duk wannan ta shanye. Amma jikanta na fari?

Ta fita zuciyarta na tafasa. A cikin bas wani fasinja yana karanta wa abokinsa sharhin jarida daga waya: wai fim ɗin shirme ne, kowa ya ga zaren da ake jan labule da shi, tsohuwar kuwa ko kaza ba za ta firgita ba. Da wata rana ce da ta ji haushi. Yau sai ta leƙa ta tambayi inda ofishin jaridar yake.

Ta sami mai sharhin a hawa na biyu, wani ɗan siriri, fanka na watsa masa takardu.

"Kai ne ka ce ko kaza ba zan firgita ba?"

"Ra'ayi ne kawai, Mama, aikina ne..."

"Ba faɗa na zo ba. Tashi mu je asibiti ka maimaita wa ɗana da matarsa. Kai mai ilimi ne, za su ji taka."

Ya ja kujerarsa baya har ta bugi bango. Gumi ya keto masa.

"Mama, ki yi wa Allah ki yafe ni. Gobe zan janye rubutun. Kada ki riƙe ni a zuciya, matata na da tsohon ciki."

Ta dube shi sama da ƙasa cikin takaici. Ta ce, "Tir da karatunka," ta sauko.

Saura minti goma a kori masu dubiya ta koma ɗakin. Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ta sunkuyar da haɓa, ta zaro idanu yadda darakta ya koya mata, ta shaƙe murya.

"Miƙo shi."

Nan take aka miƙo shi.

Ɗumi gare shi, ba nauyi, kunnuwan marigayi kakansa sak. Ya kama yatsarta ya riƙe gam. A bayanta ta ji ɗanta yana karanto addu'ar neman tsari ƙasa-ƙasa, yana maimaitawa. Ita ta koya masa ita yana ɗan shekara biyar.

Ta gyara wa jaririn hula, ba ta waiwaya ba.