Masaƙar da Ke Sa wa Takardu Hula

Jiya da dare wani mafarki ya kai ni wata ƙasa inda ruwan sama ke tsirowa daga turɓaya yana hawa sama. Ina rungume da aikin da na yini a kansa: sunayen ɗalibai arba'in da na haɗa a fayil guda na miƙa wa hukumar jarrabawa.

Manhajar da na rubuta ta rikiɗe ta zama masaƙa, tsayinta ya kai na bishiyar kuka. Takardun ɗaliban suna fitowa daga bakinta da ƙafafunsu, kowace da hula a ka, a jikin hular an saƙa layin nan da kwamfuta ke sawa a saman fayil: <?xml version="1.0"?>. Na tsaya baki buɗe, don ban taɓa ganin aikin hannuna yana tafiya ba.

Sai ga mu a ƙofar hukumar. Wata akuya mai tabarau ce ke karɓar takardu.

"Ranki ya daɗe, su shiga?"

"Gida ɗaya hula ɗaya, ta maigida," in ji ta. "Kai ka kwaso mana arba'in."

Na zaro almakashi, na bi layi ina datse saman kowace takarda ba tare da na duba ba, yadda na saba. Hulunan suka bi ruwa suka rufe sararin sama kamar jemagu. Abin ya burge ni, ya kuma ba ni tsoro.

Ashe ta ƙarshe ba ta sa hula ba. Kanta na datse. Kan ya tashi yana ta faɗin sunansa: Tabawa Isiyaku, aji shida.

"Wannan kam ba ta da jarrabawa bana," akuya ta ce. "Garin neman gira ka rasa ido. Masaƙar ai tana da kunne, malam. Ka taɓa ce mata kada ta saƙa hula?"

Ban taɓa ba. Na hau, na raɗa mata.

"Da ma umarni nake jira," in ji masaƙa. Takardu suka ci gaba da fitowa kai ba hula, ƙofa ta buɗe da kanta.

Kan Tabawa kuwa ya kusa shiga gajimare. Na daka tsalle zan cafko shi, sai ƙarar injin markaɗen maƙwabciyata ta tashe ni daga barci.

Ko fuska ban wanke ba na buɗe fayil ɗin da hukumar ta karɓa jiya har na yi murna. Sunaye talatin da tara ne a ciki, kuma yau da azahar ake rufe rajista.