Hannun da Ke Cin Gashi

Kallabin ya zame ne a daidai ƙofar gida, lokacin da Direba da Auta suke tallabe da Mai Kwalabe za su sa ta a mota. Tela tana tsaye a bakin shagonta na ɗinki, almakashi a hannu, tana yi kamar ba su take kallo ba, don an daɗe rabonta da yi wa maƙwabciyar tata magana. Sai ga kai tal a waje, babu ko sili ɗaya. Auta ta yi wuf ta mayar wa uwarta kallabin. Direba kuwa, wato mijin Tela, ko gezau bai yi ba. Hannu kawai ya sa ya gyara mata ɗaurin ta baya, irin na wanda ya saba.

Wannan gyaran ya fi kan da ta gani sukar zuciyar Tela.

A layin nan babu wanda bai san gashin Mai Kwalabe ba. Ko da furfura ta ci rabinsa, in ta kwance shi har gadon baya yake sauka. Sunan kuma tagar ɗakinta ce ta jawo mata, inda kwalabe ke jere suna shan rana: man kwakwa, man zaitun, da wanda ta jiƙa hulba da kanumfari a ciki. Lokacin da Tela ta yi haihuwar fari gashin gabanta ya zube, goshi ya yi ta cin gaba har ya kusa tsakiyar kai, ko mijinta ba ya ganinta babu ɗankwali. Mai Kwalabe ce ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta ce, "Buɗe mu gani, ƙanwata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Gashi ya dawo, zama kuma ya ɗore. Duk ƙarshen mako sai su ɗora ɗan kwanon mai a cikin ruwan zafi ya yi ɗumi, wannan ta tsaga wa wannan kai ta shafa, sannan su juya. "Da tsokar yatsa, ba da farce ba," in ji Mai Kwalabe. "Kai ne, ba gindin tukunya ba." A haka suka yi shekaru, har 'ya'yan Tela suka tashi suna ce mata Gwaggo.

Sai wata rana Tela ta shiga da kwanonta, ta tarar da ita ta ɗaure kai tamau, ga mata biyu na layi a zaune sun zo karɓar mai.

"Ƙanwata, kada ki ji haushi," ta ce, ba ta ko ɗago ido ba. "Na lura tun da kike taɓa min kai gashina ke karyewa. Hannunki yana cin gashi."

Duk macen da ta san mata ta san nauyin wannan magana. In aka ce da ke haka sau ɗaya, shi ke nan, babu mai sake miƙa miki kai. Kafin mako ya zagayo, matan da ke turo mata yara kitso sun daina. Tela ta riƙa tsayar da keken ɗinki tana duban tafin hannunta, tana juya shi, ko za ta ga abin da ya lalace. Ta yi kuka, ta gaji, ta ɗauke ƙafa. Ko gaisuwa ta yanke.

Da yamma Direba ya dawo, ya rataye makullin mota a ƙusa. Tana jiransa a tsakar gida.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina min hankali, Baban yara. Tun yaushe kake kai ta?"

Ya zauna a bakin rijiya, ya cire hula. "Tun kafin ta faɗa miki maganar nan. Ciwo ne a ƙirjinta. Ruwan da ake ƙara mata a asibiti shi ke zubar da gashin. Ta roƙe ni kada ki sani."

"Kana kallona ina zargin hannuna, kana cin abincin da hannun nan ya dafa, ka yi gum?"

"Amana ta ba ni."

"Ni kuma me na ba ka?"

Can ya ce, "Likita ya ce a dawo da ita gida. Babu sauran abin yi."

Washegari da hantsi ta shiga gidan. Auta ta matsa mata hanya ba tare da ta iya haɗa ido da ita ba. Ɗakin yana nan yadda ta san shi, sai dai kwalaben taga sun yi ƙura, man kwakwa ya daskare har wuya. Mai Kwalabe tana kwance, ta zama kamar tsinke a cikin zane.

"Yaya, ba ke kika ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi ba?"

"Ni na ce."

"To?"

Ta yi ɗan murmushi, leɓenta a bushe. "Kowa zai iya ganina a haka, ban da ke. Ke ce kullum gashin Yaya, gashin Yaya."

"Sai ki ce kada in zo. Me hannuna ya yi miki?"

"Da na ce kada ki zo, da kin zo. Na san halinki. Abin da zai tsayar da ke na nema."

"Kin kuwa samu."

"Ki yafe min, ƙanwata."

Tela ta kau da kai. Tana son matar nan kamar ranta, kuma a lokaci guda tana jin haushinta matuƙa. Duk watannin da ya kamata ta yi a gefen gadon nan an ƙwace mata su, an bar ta tana fushi ita kaɗai kamar wawiya, har mijinta ya san gaskiya ban da ita.

"Kan nan ya bushe, ƙaiƙayi yake min," in ji Mai Kwalabe a hankali. "Auta farce take sa min."

Tela ta tashi ta sauko da kwalbar hulba da kanumfari, ta goge ta da bakin zane, ta sa Auta ta kawo ruwan zafi. Ta zauna a gefen katifa, ta ɗora kan a cinyarta, ta kwance kallabin da kanta. Babu abin tsagawa. Da tsokar yatsa ta riƙa bi, daga goshi zuwa ƙeya, fatar tana sheƙi.

"Hannunki bai taɓa cin komai ba," in ji Mai Kwalabe, ido a lumshe.

"Ba ni za ki faɗa wa ba, Yaya. A gaban mutane kika ce."

"Gobe in sun zo dubiya zan faɗa. Ki tara min su."

Goben ta zo, ita ba ta kai hantsi ba. Matan da za su zo dubiya ta'aziyya suka zo, suka cika tsakar gida da bakin ƙofa. Tela tana zaune a jikin bango ta ji wata a bayanta tana raɗa, "An ce ita ce ta ƙarshe da ta taɓa mata kai."

Wata 'yar yarinya ta zo ta jingina da gwiwarta, kitsonta ɗaya ya warware yana lilo a kan kunne. Tela ta miƙa hannu za ta kama mata shi. Uwar ta jawo 'yarta a hankali ta zaunar da ita a ɗaya gefen, tana cewa, "Zo nan, kada ki dami mutane."

Tela ta mayar da hannuwanta cinya, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ta wanke su tun jiya, amma ƙamshin kanumfari yana nan a tsakanin yatsunta.