Ƙullutu a Huhun Yaya

Rigar Yaya sabuwa ce, ko layin ninkin leda bai baje a ƙirjinta ba. Ita na fara gani da ya turo ƙofar ofishinmu, kafin na ga fuskarsa.

Ofishin ɗan ɗaki ne a bayan sashen ɗaukar hoto na asibiti: tebur biyu, fanka ɗaya mai kuka. Aikinmu, ni da Anti Rediyo wadda ta daɗe a wurin, shi ne mu karanta abin da likita ya rubuta a fayil, mu mayar da shi lamba a kwamfuta. Kowace cuta da lambarta. Marasa lafiya ba sa shigo mana, yawancinsu ba su ma san da mu ba.

"Shiru-shiru, wannan zankaɗeɗen fa?" in ji Anti Rediyo.

"Yayana ne, Anti."

"Bismillah, zauna. Kai dai kana magana ko? Don ƙanwar nan taka sai an matsa ta kamar man goge baki kafin kalma ta fito."

Yaya bai yi dariya ba. Shekara da shekaru yana tuƙa motar haƙa a wurin fasa dutse. Yanzu wani babban kamfanin gine-gine ya ɗauke shi, saura gwajin lafiya kawai, kuma daga kwamfutarmu sakamakon zai tafi wurinsu.

"Auta, fayil ɗina yana hannunki?"

Yana hannuna. Tun da safe na gan shi, na tura shi can ƙasan tarin. Likita ya rubuta: ƙullutu guda a huhun dama, ƙarami, a sake hoto bayan wata shida.

Ya jawo kujera, ya rage murya. "Wani abokina da suka ga irin wannan a nasa, cewa suka yi ya je gida za a neme shi. Har yau ana nemansa. Ki sa tabo. Kin san na yi fama da tari ina yaro. Tabo ne."

"Likita bai rubuta tabo ba."

"Ya ce mini wataƙila tabo ne. Da bakinsa."

"Wataƙila ba ta da lamba, Yaya."

Ni kaina sai da na yi mamakin muryata. Tun da na taso ban taɓa ce masa a'a ba, ko a kan tashar talabijin.

Na yi masa bayani ina kallon tebur. In aka sa lambar ƙullutu, kwamfuta da kanta take jefa sunan mutum cikin waɗanda za a kira su dawo hoto, kuma nas ba ta barin wayarsa ta huta sai ya zo. In aka sa tabo, shi ke nan, an rufe, babu mai sake tuna shi. Yawancin irin wannan ƙullutun ba komai ba ne. Amma na ga fayil ɗin da ya bar ɗakin nan siriri, ya dawo bayan shekara da ƙyar yake rufuwa. Na kuma san Yaya. Mutumin da ya cire haƙorinsa da filaya don kada ya bi layi, ba zai dawo asibiti don kansa ba.

"Kin gama lacca?" ya ce. Ya zaro waya, ya danna, ya ajiye ta a tsakiyar teburina a buɗe.

"Auta?" Muryar Umma ce. "Me nake ji haka? An ce dannawa ɗaya ce kawai. Ɗan'uwanki ne fa, ga iyali."

"Umma, ƙurar dutse yake shaƙa tun ina firamare."

"To ai daga ƙurar yake son fita, ke kuma kin tare ƙofa! Ko fatan ciwo kike yi masa?"

"So nake a sake duba shi."

"Lafiyarsa ƙalau. Jiya kwano biyu ya tashi da shi."

"Huhu ba ya cin abinci, Umma."

Anti Rediyo ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na juya wurin Yaya. "Likitan yana nan har yamma. Mu je tare, in roƙe shi ya rubuta wa kamfanin cewa wannan ba ya hana tuƙi. Gaskiya ce, zai iya rubutawa."

"Takarda! Mutum nawa ne a layi bayana, masu huhu fes? Wa zai tsaya karanta takarda?" Ya nuna ni da yatsa. "Ni na kai ki jami'a a bayan babur, katifarki ɗaure a bayanki, ana yi mana dariya a titi. Ashe karatun da za a yanke mini hanya da shi na kai ki."

Maganar ta shige ni, domin ba ƙarya ya yi ba. Mai yiwuwa ma ya rasa aikin. Na zaro fayil ɗin daga ƙasan tarin. Ya ɗan saki fuska, ya zaci na sauko. Na miƙe, na ajiye shi a teburin Anti.

"Anti, ɗan'uwana ne, ƙa'ida ta hana ni taɓa nasa. Ki shigar."

Ta sa tabarau, ta karanta, ta dubi Yaya ta saman tabarau. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ni abin da aka rubuta nake bugawa. Maigidana ma basir na sa masa, har yau bai yafe mini ba."

"Hajiya, don girman Allah."

"Don girman nasa ne ai."

Ta buga da yatsa biyu yadda ta saba. Kwamfuta ta yi ɗan ƙararta, ta karɓa.

"Ya ake ciki?" in ji Umma daga cikin waya. "Ta gyara? Auta, da ke nake!"

"An sa abin da yake nan, Umma. In na dawo gida ki yi mini faɗan, ina ji." Na dubi Yaya, wannan karon cikin ido. "Za su kira ka. In ka ƙi ɗauka, ni zan zo gidanka da kaina, in tsaya a tsakar gida gaban matarka da yaranka, ba zan tafi ba sai ka sa takalmi. Ka ce na yi rashin kunya, na yarda."

Ya daɗe yana kallona, kamar an canza masa ƙanwa a hanya. Umma tana ta kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa hannu ya kashe wayar, ya sa ta a aljihu. Ya tashi, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya fita, ya jawo ƙofar a hankali.