Takardar Aure da Kujerar Farfesa

Madam Ojediran ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Dakta Moradeke, ta ɗora farcenta a kan gilashin.

"Dakta, duba da idonki. A nan mutum biyu ne. Ga Moradeke Oyelaran, ga Moradeke Fagbenro. Wacce a cikinsu ke neman zama farfesa?"

"Haba Madam, tun ina ƙaramar likita kika san ni. Har bikina kin je."

"Na je mana, na ci shinkafa har na ƙulle wata a leda. Amma ba ni zan karanta maƙalunki ba. Waɗanda za a aika wa a waje ba su ci shinkafarki ba."

Moradeke ta buɗe jaka ta ciro takardar kotu ta rabuwar aurenta. Madam Ojediran, wadda ta tsufa a ofishin ƙarin girma na jami'ar, ko karɓa ba ta yi ba.

"Wannan ta nuna yadda kika fita. Kwamiti na son ganin yadda kika shiga. Ki kawo takardar aure ta asali, ki haɗa da takardar rantsuwa daga kotu cewa duk ke ce. Gobe da azahar nake rufe fayil."

"Takardar tana hannun tsohon mijina."

Madam ta sauke tabarau, muryarta ta yi laushi. "To ki aiki wani mana, ƙanwata."

Moradeke ta tsaya tana kallon sunayen a jere. Ga maƙalarta ta farko kan zubar jini bayan haihuwa, da sunan mahaifinta. Ga na kwanan nan kan ƙarin mahaifa, su ma da sunan mahaifinta. Amma tsakiyar, shekarun da ta yi tana zaman asibitin masu neman haihuwa tana tara bayani, duk Fagbenro ne. Da su aka san ta. In ta je taro a Accra ko Nairobi, har yanzu da wannan sunan ake kiranta ta hau mumbari. Idan ta cire su, abin da ya rage ba zai kai ta ko'ina ba.

"Da kaina zan je," ta ce.

A hanyar fita ta bi ta gaban asibitin mata. Benci ya cika, kowacce ta rungume fayil a ƙirji. Namiji ɗaya ne a wurin, shi ma yana bakin ƙofa yana latsa waya kamar wanda ya yi ɓatan hanya. Ta bar wa abokin aikinta Dakta Ilesanmi ragowar marasa lafiyarta, ta tura wa tsohon mijinta Kolapo saƙo a taƙaice kan takardar. Kafin ta kai bakin titi amsa ta zo: tana nan, ki zo shago.

Motarta na wurin makanike, sai ta shiga tasi zuwa hanyar Iwo. Cunkoso ya riƙe su a Agodi, mai gasa masara na bin tagogi, direba na zagin ɗan acaɓa har da kakanninsa. Ita kuwa tana can cikin shekarun baya.

Kolapo ba mugun miji ba ne, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Shi ke goge mata farar riga in ta makara. Ranar da maƙalarta ta farko mai ɗauke da sunansa ta fito, ya sa aka yi mata firam ya rataye a falo, yana nuna wa baƙi, alhali bai fahimci ko layi ɗaya ba. Sai shekaru suka tura babu ciki. Uwarsa ta fara zuwa da jarkar jiƙe-jiƙe, 'yan'uwansa mata suka fara tambaya ko littafi yana kiran mutum uwa. Moradeke ta yi wa kanta duk gwajin da take yi wa wasu, ba a sami komai ba. Da ta roƙe shi ya je a duba shi, sai ya ce a gidan Fagbenro ba a taɓa haifar namijin da ba ya haihuwa ba. Ta roƙa da dariya, ta roƙa da kuka, ta koma ta yi shiru. Daga ƙarshe ta fita da akwati ɗaya da littattafanta, shi kuma ya auri Simisola, malamar firamare.

Shagon tayil ɗinsa ya ƙara girma, ya haɗe da na maƙwabci. Kolapo ya fito daga bayan kanta. Ya yi tumbi, furfura ta cinye gefen kansa.

"Deke."

"Kola. Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah. Shigo ciki, ƙura ta yi yawa a nan."

A ɗan ofishinsa ya buɗe mata lemo bai tambaye ta ba, irin wanda take sha a da. Ambulan mai ruwan ƙasa na kan tebur, ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Farfesa ke nan," ya ce. "Da sunan wa za a rubuta a ƙofa?"

"Da na babana."

"Daidai ne. Tsoho ya biya kuɗin makaranta, ni na zo na ci suna a ɓagas."

Ta yi murmushi ba ta shirya ba. Ta miƙa hannu, amma bai ɗaga nasa ba.

"Kola, ina son in sami kotu kafin a tashi."

"Na sani. Zauna kaɗan." Ya tashi ya tura ƙofa, ƙarar injin yanka tayil ta ragu. "'Yar yayata Adunni tana karatun likita yanzu. Rannan ta zo gida da wata takarda, wai malaminsu ya ce kowa ya karanta. Ta ce, Kawu, ga sunanku a nan. Na karɓa na ajiye."

Moradeke ta san wacce ce tun kafin ya faɗa. Ita ce aka fi ambata cikin duk abin da ta rubuta: bincike kan mazajen da ke turo matansu asibiti neman haihuwa, su kuma su ƙi a gwada su.

"Ka karanta?"

"Da ƙamus a gefe. Lissafin bai shiga kaina ba. Amma inda kika kawo maganganun mazan, wannan ba ya bukatar ƙamus." Ya shafa haɓa. "Akwai wanda ya ce a gidansu ba a taɓa yin irin haka ba. Deke, ni kika rubuta?"

"Ba kai ba ne. Direban babbar mota ne daga Oyo. Kusan duk haka suke faɗa." Ta juya kwalbar a hannunta. "Duk wanda ke cikin maƙalar nan, ko da ya ƙi gwajin, sai da ya zo ya zauna a gabana muka yi magana. Kai ko ƙofar ba ka taka ba."

Ya sunkuyar da kai. Can waje wani na ciniki da ƙarfi kan kwalin tayil da ya fashe.

"Simisola fa?" ta tambaya.

"Tana kan dutsen addu'a. Azumi da addu'a suke yi da matan cocinsu. Wannan ne zuwanta na ban san nawa ba." Sai ya ci gaba. "Mama ta rasu bara, kin ji ai. Amma kafin ta tafi ta bar wa yarinyar nan jarka. Har yau tana sha. In ta sha sai ta shiga bayi ta yi ta amai, ta fito tana ba ni haƙuri. Ni take ba haƙuri, Deke."

Shekaru Moradeke ta yi tana tsara wannan rana a ranta. Ta tanadi kalmomi masu kaifi, ta sha maimaita su a gaban madubi. Yanzu ga ranar ta zo, ta laluba ba ta sami ko ɗaya ba. Abin da ya zo mata kawai shi ne lissafin da ba ta so ta yi: shekarunta nawa a lokacin da ta fara roƙonsa, nawa ne yanzu.

"Ba ni zan duba ka ba," ta ce. "Bai dace ba. Akwai Dakta Ilesanmi, ranar Talata yake zama. Gwajin ba allura, ba wuƙa."

"In ni ne fa?"

"In kai ne, wani lokaci akwai abin da ake yi. Wani lokaci babu. Ba zan yi maka alƙawari ba. Amma ko babu, yarinyar mutane za ta daina shan ɗaci." Ta dube shi sosai. "Kuma ka gaya mata kafin ka je. Kada ka je a ɓoye, in sakamako ya yi maka daɗi ka fito da shi, in bai yi ba ka cusa a aljihu."

Ya yi wata gajeriyar dariya. "Wannan ma yana cikin takardar."

"Yana ciki."

Ya ɗaga hannunsa daga kan ambulan, ya tura mata. Ta buɗe ta duba. Takardar ta yi ja saboda daɗewa, ga sa hannunta na yarinta, manyan haruffa masu lanƙwasa.

"Ke kuma fa?" ya ce a hankali. "Da na je tun lokacin..."

Ta miƙe ta rataya jaka. "Kotu za ta tashi, Kola."

Ya raka ta har titi, ya tare mata tasi, ya tsaya bai san inda zai sa hannayensa ba. Ba ta waiwaya ba sai da motar ta yi nisa, lokacin kuwa wata tirela ta riga ta shiga tsakani.

Sun kusa mahaɗar Gate ta ciro waya ta kira Dakta Ilesanmi.

"Akwai wani mutum da zai zo maka ranar Talata. Ka shigar da shi da wuri, kafin benci ya cika. In ya tarar da mata a jere zai juya."

"To, ba damuwa. Kin san shi ne?"

Ta gyara ambulan a kan cinyarta, ta dafe da hannu saboda iskar taga.

"Na san shi," ta ce.