Allon da Ƙasa Ta Riƙe

Ranar da aka rantsar da sabon shugaban ƙasar Amurka, Arlen Skogstad ya kalli jawabin daga farko har ƙarshe, hannuwa harɗe a ƙirji, kamar wanda likita yake karanta wa sakamakon gwaji. Bai zaɓi mutumin ba, kuma ba ya ɓoyewa. Allon ɗan takararsa da ya sha ƙasa yana nan kafe a ƙofar gidansa, a bakin babban titin ƙauyensu na arewacin Minnesota.

Shugaban ya yi ta nanata haɗin kai. Arlen ba ya ƙin haɗin kai, ya dai lura wanda ya ci zaɓe ne kullum yake tunawa da shi. A ganinsa ba dole sai kowa ya yarda da kowa ba. Ka bar min cocina da bindigar farautata da bakina, in bar maka naka, in motarka ta maƙale a dusar ƙanƙara in jawo ka da tawa. Abin da ya wuce wannan surutun manya ne.

Ana gama jawabi sai ga wayar 'yarsa Corinne daga birni. Ta haihu tun kafin zaɓe, amma cacar bakin siyasa da ta kaure tsakaninsa da mijinta a kan teburin abinci ta sa har yau Arlen bai ɗauki jikarsa ba. A hoto kawai ya san ta. Abin yana cin sa sosai, sai dai ba mai jin haka daga bakinsa.

"Baba, ka ji jawabin?"

"Na ji. Mutumin yana da murya."

"Muna so mu kawo maka jaririyar ranar Lahadi. Amma don Allah ka cire allon nan. Zaɓe ya wuce, lokacin haɗa kai ne."

"Shi mijin naki ya ɓare takardar ɗan takararsa da ya manna a bayan motarsa?"

"Haba Baba, nasa ai ya ci."

"Yawwa. Haɗin kan da nake ta ji ke nan."

"Za ka cire, ko mu yi zamanmu?"

Arlen ya ce, "Ku taho."

Sai dai akwai matsala. A watan Oktoba, da aka sace masa allon farko, Arlen ya yi fushi irin na tsohon makaniki. Ya samo turaku biyu na ƙarfe irin na shinge, ya yi wa sabon allon walda a jikinsu, ya buga su cikin ƙasa iya tsawon hannu. Yanzu kuwa Janairu ne. Ƙasa ta daskare ta koma dutse, kuma a nan abin da ka kafa kafin sanyi ya zauna ke nan sai Afrilu.

Ya ja, ya jijjiga, ko gezau. Ya zuba tafasasshen ruwa a gindin, ruwan ya daskare ya ƙara wa turakun ƙarfi. Yanke su da zarto kuwa bai ko zo masa a rai ba, don a garin nan wanda ya yanka lafiyayyen turken shinge, har jikokinsa sai an nuna su da baki. Wani ɗan jam'iyyarsu ya zo wucewa, ya gan shi rungume da allon, ya danna masa hon. "Riƙe shi gam, Arlen! Kada ka saki!" Arlen ya ɗaga masa hannu, to me zai ce.

Maƙwabcinsa Dwight Hauglid, tsohon malamin makaranta kuma ɗan ɗaya jam'iyyar, ya fito da kofin gahawa ya tsaya a bakin iyakarsa.

"Tsoho, tuba kake yi ko motsa jiki?"

"Dubawa nake ko ya kafu da kyau."

"Ya kafu kam. Nawa ma ya ƙi fita, ga matata ta ce ta gaji da ganinsa."

"Naka ai ya ci, bar shi ya sha iska."

"Corinne ce za ta zo?"

Arlen bai amsa ba, Dwight bai sake tambaya ba. A nan haka ake nuna tausayi. Dwight ya shanye gahawarsa, ya shiga gareji ya turo injinsa na kwashe dusar ƙanƙara. Arlen ya turo nasa. Suka juya bakin injinan kan allon suka yi ta fesa masa har ya ɓace cikin wani tudu fari fat. Da suka gama, Dwight ya nuna nasa allon da haɓa. Shi ma allon suka binne shi.

Ranar Lahadi motar su Corinne ta iso. Mijin ya tsaya sauke kaya, ya kuma daɗe fiye da yadda kayan suke bukata. Corinne ta fito da jaririyar naɗe cikin bargo, ta tsaya gaban tudun. Arlen yana bakin ƙofa, kuma tsoro yake ji ƙarara.

"Ka cire?"

Ƙarya ɗaya ta ishe shi ya wuce wurin, amma Arlen ya tsufa da koyon sabuwar sana'a.

"Yana ciki. Ban cire ba, ban kuma canza ra'ayi ba. Rana na yin zafi zai fito."

"Baba, kai dai wallahi..."

"Iya abin da zan iya ke nan, 'yata. In bai isa ba, ki bari in ga fuskarta ko a nan waje ne, sai ku juya."

Corinne ta dubi tudun, ta dubi na gidan Dwight, ta dubi mahaifinta da ya fito ba hula, kunnuwansa sun yi jawur. Sannan ta hau matakalar ta miƙa masa bargon.

"Ungo, riƙe min ita, hannuna ya gaji."

Arlen ya zare safar hannunsa da haƙora ya karɓe ta. Jaririyar ta buɗe ido, ta ƙare masa kallo, ta tsala ihu.

"Ita ma ba ta yarda da ni ba," in ji shi. Ya ƙara matse ta a ƙirji, ya tura ƙofa da ƙafa.